Takardar da Baba Ya Ninke

Zuwa ga ƙanena, Autan gidanmu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa ce daga yayarka, cikakkiya, irin wadda ba ta shiga cikin minti ukun da kake ba ni a waya kafin ka ce an kira ka lodi. Ina fatan wannan takarda ta same ka da ƙarfinka, kai da Amarya da 'yan matanka biyu. Allah Ya tsare ku daga wannan annoba, Ya kiyaye ka a kan titi, Ya sa duk fitar da ka yi da babbar motar nan ka dawo gida da ƙafarka. Mu nan sai godiya. Baba yana nan lafiya, in ban da gwiwa da ke damunsa idan gari ya yi sanyi. Maigidana yana fita gyaran wuta idan an kira shi, ya dawo ya tsaya a ƙofa sai ya wanke hannu har gwiwar hannu kafin in bar shi ya shigo. Yayarka Malama tana koyar da lissafi ta waya, ta ce rabin ajin barci suke yi, ɗaya rabin kuma iyayensu ne ke yi musu aikin. Yarana kuwa tun da aka rufe makaranta ba su da sana'a sai buɗe tukunya. Shagona yana rufe, na dawo da keken ɗinki falo, takunkumi nake ɗinkawa daga safe zuwa yamma.

Na san za ka ce me ya yi zafi har da zaman rubuta wasiƙa, ga waya a hannu. To, a waya ba ka barina in kai aya. Da ka ji muryata ta sauya sai ka kawo wani abin dariya, ko ka ce layi ba kyau, ni kuma in biye maka. Wannan karon da biro na rubuta, zan ɗauki hoton shafukan in tura maka, in tura wa Amarya, don kada ka ce ba ka gani ba. Kafin komai ka riƙe wannan: lafiyata ƙalau, ina ci ina sha, ina taka keke kamar da. Ka sake karanta wannan layin in kana so. Yanzu kuma ga maganar. Wata biyar da suka wuce an yi mini aiki a jijiyar jinin da ke cikin kaina, ban gaya maka ba. Abin da ya kai ni ga aikin yana iya kasancewa a jikinka kai ma, domin ta wajen Inna muka gado shi, Allah Ya jiƙanta.

Abin ya faro ne daga ciwon kai. Da yamma ta yi sai in ji goshina ya ɗaure, idanuna suna ruwa, in kasa zura zare a allura. Na daure na kusan wata guda, sannan maigidana ya tasa ni gaba zuwa asibiti. A bakin ƙofa aka tare mu. Mai gadi ya ce ba a shiga sai mai cutar nan ko wanda aka kawo ranga-ranga, ya miƙo mana wata takarda da ke bayanin yadda ake ganin likita ta intanet. Na yi tsaki har sai da takunkumina ya motsa. Na ce wa maigidana likitan da ba zai taɓa ni ba, ba zai sa mini abin jin bugun ƙirji ba, ai da shi da mai ba da labarin yanayi duk ɗaya ne. Shi kuwa ka san shi da sanyin hali, ya cike abin da ake cikewa, aka ba mu ranar Laraba ƙarfe goma na safe.

Ranar na yi wanka na yafa mayafina mai kyau, daga ƙasa kuma tsohon zanen aikina ne, tunda ba za a gani ba. Na jingina wayar da gwangwanin zare a kan teburin keke. Da aka haɗa mu, abin da likitar ta fara gani fankar rufin ɗaki ce, sai da ta yi ta ce mini in sauko da wayar kafin ta sami fuskata. Yarinya ce, ba za ta kai ka shekaru ba, takunkumi ya yi mata shaida a karan hanci, idanunta duk gajiya, amma ba ta da gaggawa ko kaɗan. Baba yana zaune a kujerarsa ta jikin taga a bayana, rediyo a cinya, ido a lumshe. Ka lura da wannan, domin da a ɗakin asibiti ne, da ni kaɗai zan shiga, Baba ba zai ji ko kalma ɗaya ba. Ta sa na auna jinina da na'urar da maigidana ya samo, aka ga ya hau. Ta sa na bi yatsanta da ido, na ɗaga hannuwa biyu, na yi mata murmushin dole. Sai ta koma tambayar dangi.

Ta tambaye ni ko mahaifiyata tana da rai, na ce ta rasu shekara ashirin da biyu ke nan. Ta ce me ya yi ajalinta, na ce gajeruwar rashin lafiya. Ta ce wace iri. Mace mai shekara arba'in da uku, mai 'ya'ya huɗu, ban san abin da ya kashe uwata ba, kuma ban taɓa lura cewa ban sani ba sai a wannan lokacin. Ta tambayi 'yan'uwan Inna, na ce Kawu ya riga ta da shekara uku, faɗuwa ya yi a shagonsa. Ta tambayi labarin Kaka, mahaifiyar Inna, na ce lokaci ne ya yi. Ta ce ita ma ta yi imani lokaci ne, amma tana so ta san ta wace hanya lokacin ya zo. Sai na ba ta abin da na gani da idona. Na ce da safe ne, Inna tana guga, ta ajiye dutsen ta dafe kai da hannu biyu, ta ce tunda take ba ta taɓa jin ciwo irin wannan ba, ta yi amai, wuyanta ya sandare, kwana biyu a asibiti ta cika. Ina cikin faɗa na ga likitar ta daina rubutu ta zuba mini ido. Ta roƙe ni in bincika ko akwai wata takardar asibiti da ta rage. A daidai nan na ji an kashe rediyo a bayana, Baba ya lalubi sandarsa ya fita tsakar gida.

Kai ma ka san halin gidanmu, ba sai na tuna maka ba. Mu ba ma faɗar abin da ba shi da daɗi. Lokacin da aka yi wa Malama tiyata wajen haihuwar ɗanta na fari, sai da yaron ya fara zama kafin ka ji. Kai kuma da motarka ta kife a shekararka ta farko a can, mun sani ne bayan shekara biyu, da ka zo gida ka naɗe hannun riga za ka yi alwala muka ga tabo. Kowa ya yi dariya, aka ce Auta ya iya riƙe magana. Muna kiran abin kada a tayar wa mutum hankali, har muna alfahari da shi, muna ganin sauran gidaje ba su da zurfin ciki. Ni da kaina na sha yaba mana a kan haka.

Kwana uku Baba yana tsakurar abinci yana turewa. A rana ta huɗu bayan la'asar ya kira ni ɗakinsa, ya sa na jawo masa akwatin ƙarfen nan na ƙarƙashin gado. A ƙasan takardunsa na aiki ya zaro wani ambulan, a ciki akwai takarda ninki huɗu, ninkin har ya yi ja ya fara tsagewa. Ta asibitin da Inna ta rasu ce. An rubuta cewa jijiyar jini ce ta fashe a ƙwaƙwalwarta. A can ƙasa likitan ya ƙara da hannunsa cewa tunda ɗan'uwanta ma haka ya rasu, yana ba da shawarar a duba 'ya'yanta idan sun girma. Baba ya ce ba rubutu kaɗai ba, likitan ya faɗa masa baki da baki. Ya ce da ya fito daga ofishin sai ya hango ka a kan bencin baranda da kayan makaranta, kana da shekara goma sha uku, kana jiran a ce ka shiga ka gaida Inna, sai ya ninke takardar ya sa a aljihu. Ya ce niyyarsa ya faɗa mana idan mun girma. Sai aurena ya zo, ya ce ba yanzu ba. Sai na sami ciki, sai jarrabawar Malama, sai tafiyarka. Daga baya kuma tsoro ya kama shi kada mu tambaye shi me ya sa sai yanzu. Har ya gama magana bai ɗago ya dube ni ba.

Ba zan ɓoye maka ba, na ji haushin Baba irin wanda ban taɓa ji ba. Ban ce masa uffan ba, ka san ba mu saba ba, na fito na hau keke na yi ta ɗinki, washegari na zauna na farke rabin abin da na ɗinka saboda duk a karkace yake. Kwana biyu gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ina ta lissafin haihuwa huɗun da na yi, da duk nishin da na yi a ɗakin haihuwa, ashe da wannan takarda a ƙarƙashin gado. Amma da na huce sai tausayinsa ya kama ni. Mutum ya ɗauki abu shi kaɗai shekara ashirin da biyu, duk wanda ya ce kansa na ciwo a gidan nan gabansa ya faɗi, ba shi da wanda zai gaya wa. Yanzu na gane dalilin da ya sa yake tsayawa a kanmu da tambaya idan ya ga mun ɗaure kai.

Na ɗauki hoton takardar na tura wa likitar, kafin yamma ta kira ni. Ta yi mini bayani dalla-dalla. Ta ce akwai mutanen da bangon jijiyar jininsu ke da wani wuri mai rauni, jini yana bugunsa shekara da shekaru har wurin ya kumburo kamar tsohon tub ɗin tayar keken hawa. Yawanci ba ya ciwo, ba ya nuna komai, wasu har su tsufa su mutu da wani dalili daban ba su san suna da shi ba, wasu kuma wata rana ya fashe. Ta ce a wasu zuri'o'in abin yana bin jini, kuma masu bincike sun gano wasu alamomi a ƙwayoyin gado da ke nuna wanda haɗarinsa ya fi yawa, asibitinsu ma yana cikin masu wannan binciken. Ta ja mini kunne sosai cewa alamar ba hukunci ba ce. Akwai mai ita da ba abin da zai same shi, akwai marar ita da ke da kumburin, don haka da irin tarihinmu, ko me gwajin ya nuna, sai an ɗauki hoton jijiyoyin kaina. Gwajin ƙarin haske ne gare su, su san irin idon da za su sa mana. Na ce mata na gane, a wurinmu ma idan bandir ɗin yadi ya zo da aibu, duk rigar da aka yanka daga cikinsa sai an ɗaga ta a rana an duba.

Gwajin kuwa ba allura ba jini. Wani mai babur ne ya kawo 'yar kwalba a leda, ya ajiye a bakin ƙofa ya ja da baya kamar ya kawo wuta. Abin da ake so kawai in tofa yawu har ya kai wani layi. Kai, ikon Allah! Ni da ba a raba ni da surutu, ranar bakina ya bushe ƙamas. Na yi minti ashirin ina fama, ga mai babur yana jira a rana, kuma an hana ci da sha kafin a yi. Sai maigidana ya ɗauko lemon tsami ya yanka a gabana yana matsawa yana lumshe ido, nan take aiki ya kammala. Bayan mako uku sakamako ya fito, ina ɗauke da alamomin. Ranar ɗaukar hoto ce ranar farko da na taka cikin asibitin. Aka kwantar da ni aka tura ni cikin wata na'ura mai kama da rami, tana ta ƙwanƙwasa a kunnena, aka ce kada in motsa. Na yi ta salati a zuci har aka jawo ni.

Bayan kwana biyu likitar ta kira, ta sa hoton a fuskar wayata, ga jijiyoyin kaina fari fat a kan baƙi, ta nuna mini wani ɗan ƙullutu a inda jijiya ta rabu biyu. Ta ce milimita bakwai ne. Tef ɗin awo yana rataye a wuyana, na jawo na duba, bai kai maɓallin rigar makaranta ba. Na ce mata ashe ma ɗan wannan ne. Ta ce girman ba shi kaɗai ake dubawa ba, akwai inda yake, da siffarsa, da hawan jinina, da abin da ya sami Inna da Kawu, kuma ita da manyanta sun zauna sun ga gara a toshe shi. Ka san wani abin mamaki? Ciwon kan da ya kai ni wurinta ba shi da alaƙa da wannan ko kaɗan. Idona ne ya raunana, ga sunkuyo a kan keke. Da aka ba ni tabarau ciwon ya tafi kamar an ɗauke da hannu. Abin da zai iya kashe ni bai taɓa yi mini ciwo ba ko na minti ɗaya. Don haka kada ka soma ce mini kai garau kake jin kanka, ni ma garau nake ji.

Aikin ma ba yadda kake zato ba ne. Ba a fasa mini kai ba, ko gashina ba a aske ba. Ta jijiyar cinya suka zura wani siririn bututu, suka bi da shi har cikin kai suna kallo a allo, sannan suka cusa wata lallausar waya mai kama da zare cikin kumburin har ya cika, jini ya daina shiga. Da likitan aikin ya gama yi mini bayani na ce masa ashe sana'armu ɗaya, ya yi dariya a cikin takunkumi. Tsoro kam na ji shi, ba zan yi maka ƙaryar jarumta ba. Ba a barin kowa ya raka marar lafiya saboda annoba, ni kaɗai na shiga da 'yar jakata, maigidana ya wuni a mota a filin ajiye motoci. Da na farfaɗo wata ma'aikaciyar jinya ta riƙe mini waya ya ga fuskata, sai ga babban mutum yana share hawaye da hular kansa. Kwana uku aka sallame ni. A rana ta biyu ka kira ni da bidiyo, na ƙi ɗauka, na kira ka da murya na ce kyamarar wayata ta lalace, ina shago ina kwashe kaya. Ka tuna? A gadon asibiti nake, da robar ƙarin ruwa a hannuna.

Tun daga nan komai ta waya muke yi. Kowace safiya ina auna jini in rubuta in tura, ina shan maganina, an rage gishiri a gidan nan har yara suna ƙorafi. An sake hoto, wurin ya toshe yadda ake so. Malama ta yi nata gwajin da hoton, ita ba a ga komai ba, an ce ta dawo bayan wasu shekaru a sake dubawa, ka ga ba kowa ba ne. Na kira 'ya'yan Kawu ɗaya bayan ɗaya, biyu sun riga sun je. Yaranmu kuma an ce sai sun girma, kuma wallahi da bakina zan gaya musu. Amma duk ganawar da muka yi sai likitar ta tambaye ni ina labarin ƙanen nan nawa, ni kuma in ce yana nesa, yana kan hanya kullum, ba na son in raba masa hankali yana tuƙi. A ganawarmu ta ƙarshe sai ta tambaye ni a hankali yaya na ji ranar da Baba ya miƙo mini takardarsa. Na yi kwana biyu ina fushi da tsoho a kan abin da ni ma na zauna ina yi maka wata biyar cur, da hujja iri ɗaya, kusan da kalmomi iri ɗaya. Na ji kunya ƙwarai. Ka yafe mini.

Shi ne makon jiya na kira Amarya don in ji ranar da kake hutu, in same ka a natse. Ban kai rabin labarin ba ta fashe da kuka. Kada ka kuskura ka yi mata faɗa, ni na matsa mata, kuma da ta yi shiru da ban yafe mata ba. Ta ce tun wata huɗu da suka wuce, da kamfaninku ya yi wa direbobi gwajin lafiya, aka ce jininka ya hau sosai, aka rubuta maka magani. Ta ce maganin yana cikin aljihun gaban mota ko buɗe shi ba ka yi ba, wai kana tsoron ya sa ka gyangyaɗi, ko a ji a ofis a sauke ka daga mota. Ta ce har rantsar da ita ka yi kada ta gaya wa mutanen gida. Taba kuwa ba sai ta faɗa ba, tun zuwanka na ƙarshe na ji warinta a rigar da ka ba ni in rage wa hannu, na yi shiru irin namu. Haba Auta! Likitar ta faɗa mini da bakinta, abubuwa biyu da suka fi hura wannan kumburi su ne hawan jini da taba, kai kuma ka haɗa su duka, ka ɗora a kan jinin Inna, kana tuƙa mota mai taya goma sha takwas a cikin mutane.

Ban rubuto don in tsorata ka ba, na rubuto ne don na bi hanyar na ga inda ta ɓulla. Mai yiwuwa a duba ka a ga ba komai kamar Malama. In ma an ga wani abu, ga ni nan, an gani an gyara, ina zaune ina cika ka da surutu. Inna da Kawu ba su sami wannan damar ba, mu mun samu, kuma ba sai ka bar aiki ka bi layi ba. Likitata ta rubuta takarda da ta ƙunshi tarihinmu da sakamakona, na tura wa Amarya tare da hoton takardar Baba. Amarya ta binciko asibitin da ke kusa da ku, su ma suna ganin mutane ta intanet, ta karɓar maka ranar Talata mai zuwa ƙarfe huɗu na yamma, ranar hutunka ce, mun duba. Ka zauna ka buɗe waya, ka faɗi gaskiya duka, har da tabar, har da maganin da ba ka sha ba. Maganar aiki ma ka tambaye su kai tsaye, tawa likitar ta ce direbobi da yawa suna shan maganin hawan jini suna aikinsu, kuma in wani bai karɓe ka ba ana sauya wani. Kafin ranar kuma ka riƙe wannan da kyau: in ka ji ciwon kai ya sauko maka farat ɗaya, irin wanda ba ka taɓa ji ba, ko wuya ya ƙage, ko amai, ko ka fara ganin abu bibbiyu, ko fatar ido ɗaya ta sauko, ka faka motar nan take ka kira motar asibiti. Ba a shan ƙwayar ciwon kai a ce bari a ƙarasa tafiya.

Na san abin da ke ranka, domin ni ma ya zo mini. Mutum yana ganin in bai sani ba kamar babu. Rai a hannun Allah yake, ba mai ja da wannan, amma Shi ne Ya sa annoba ta rufe ƙofar asibiti har likita ta shigo falonmu Baba ya ji ta, ban ɗauki wannan a matsayin banza ba. Ni dai yanzu hankalina ya fi kwanciya fiye da lokacin da ban san komai ba, kuma ina da yaƙinin kai ma haka za ka ce.

Ka gaida mini Amarya da kyau, ka ce na gode, Allah Ya yi mata albarka, ta cika 'yar halak. Ka shafa mini kan 'yan matana, babbar da ƙaramar, ka ce na ɗinka musu riguna suna nan suna jiran a buɗe hanya, in sun ƙara tsawo akwai kalmasa da zan saki. Maigidana yana gaishe ka, ya ce in ka ƙi ji shi ma zai rubuto tasa, kuma ka san rubutunsa ba ya karantuwa. Malama da mijinta da yaransu suna gaisuwa, haka 'ya'yan Kawu, haka Gwaggo, wadda ta ce ka yi ƙiba a hoto. Yarana huɗu suna gaida kawunsu.

Saura saƙon Baba. Da na gama rubutu na karanta masa wasiƙar nan daga farko har ƙarshe, ban tsallake inda na ce na ji haushinsa ba. Ya saurara bai katse ni ba. Da na kai ƙarshe sai ya ce in ƙara maka wannan. Ya ce tunda ya haife mu umarni yake ba mu, bai taɓa roƙon ɗansa komai ba, yau yana roƙonka ka ga likitan nan. Ya ce idan kun gama ranar Talata kada ka bi ta wurina ko ta wurin Malama, ka kira shi da kanka ka faɗa masa abin da aka ce, mai daɗi ko marar daɗi, kada ka rage masa ko kalma ɗaya. Ya ce ya tsufa, amma zai iya ɗauka.

Allah Ya ba ka lafiya mai ɗorewa, Ya sada mu da alheri.

Taka har kullum,
Yayarka